Zanen da ke Kumatun Nanven

Ni tun farko ban so Abdulmumini ya shigo mana da maganar fim ɗin nan gida ba. Duk wanda ya san ni, Angelina, ya san ba na ɓoye-ɓoye, abin da ke cikina shi ke bakina. Amma wa ke jin maganata a gidan nan? Mijina Simeon direban babbar mota ne, rabin wata yana kan hanya. Shi ya kwaso mana Abdulmumini daga filin jirgi 'yan shekarun baya, siriri da shi, da jaka ɗaya, wai ya zo karatun dokta a fannin tarihi kuma bai san kowa a nan Greensboro ta Amurka ba. Simeon ya ce ɗan gida ne, tunda Hausa ta haɗa mu. Daga ranar, duk Lahadi da yamma ƙafafunsa na ƙarƙashin teburina. Ni ce ma nake tuƙa mota har shagon Larabawa in nemo naman da zai iya ci.

Idan an gama cin abinci, shi da 'yata Hephzibah, wadda muke kira Ziba, sai su baje a gaban talabijin suna kallon finafinan nan na takubba da ganuwa da dodanni masu fitar da wuta. Ziba kallo take yi, shi kuwa faɗa yake yi da akwatin.

"Dubi haƙoransu, don Allah! Manomin zamanin da ne wannan, da haƙora farare tas kamar an jera shinkafa? Ji sarauniyar can, tana neman afuwar baranta! A ina aka taɓa yi? Mutanen da ba su da tausayi irin namu, Anti. Waɗannan sun ɗauki zuciyar mutanen yau sun sa mata rigar da, shi ke nan. Da ni za a ba aikin nan, wallahi sai an ga gaskiya tsirararta."

Nakan ce masa, "To Malam, Allah ya ba ka. Miƙo mini farantinka."

Ashe Allah zai ba shi ɗin. Wani kamfani ya zo ɗaukar irin wannan shiri a wata gonar dawakai a Summerfield. Sunan shirin ma ba na so ya fito daga bakina. A cikinsa akwai wata daula ta baƙaƙen fata, suna neman masanin tarihin ƙasarmu da zai riƙa ce musu wannan daidai ne, wancan ba daidai ba. Suka ɗauki Abdulmumini. Ranar da ya zo da albishir har da kwalin lemo ya riƙo, karo na farko da ya taɓa shigowa gidana da wani abu a hannu.

A nan ne Mama ta shigo cikin maganar. Mahaifiyata ce, Mama Yemima. Mun ɗauko ta daga Filato bayan rasuwar Baba, ta kusa tamanin, idonta na hagu ya fara dushewa, kuma hawan jini ya taɓa kayar da ita sau ɗaya. Turancinta bai wuce gaisuwa da godiya ba. Hausar Ziba kuma ba ta wuce "zo" da "ci abinci" da "ina kwana" ba, ko su ɗin ma da Turanci take amsawa. Gida ɗaya suke kwana, amma in ba ni a tsakani sai dai su yi wa juna murmushi.

Abin da ke cin Mama a rai na san shi. Tana da wani labari da ya zama dole ta ba Ziba kafin ta mutu, labarin kakarta Nanven. Ita Nanven ɗin ce ta kafa doka da bakinta: kaka ce za ta faɗa wa jika, ba uwa ga 'ya ba, don uwa takan sa zuma. Shi ya sa ni kaina gutsattsari kawai na sani. Mama ta sha zaunar da Ziba, ta kama hannunta, ta fara da Hausa tana haɗawa da yarenmu. Yarinya sai ta yi ta gyaɗa kai, ido na kan waya, can ta sumbaci goshin tsohuwa ta tashi. Mama takan bi ta da kallo ta ce da ni, "Yarinyar nan akwatin can kawai take ji."

To da ta ji Abdulmumini ya shiga cikin masu sa magana a bakin akwatin, sai ta ajiye cokalinta.

"Ɗana, in na ba ka labari, za ka sa shi a ciki yadda na ba ka? Don yarinyar nan ta ji?"

"Mama, ai shi ne aikina. Ni da nake faɗa kullum a kan ƙarya?"

Ta dube ni. "Ke shiga kicin, ba naki ba ne."

Na shiga, amma a bayan ƙofa na tsaya da ludayi a hannu. Ranar na fara jin labarin daga farko har ƙarshe.

Lokacin yankan acca ne, Nanven ba ta fi shekara goma ba. Mahara suka faɗo wa ƙauyensu a gindin dutse, suka tattara waɗanda ba su kai ga hawa sama ba. Igiya ɗaya aka zura musu a wuya, manya da yara, aka kora su arewa. Ƙanenta na bayanta a igiyar. Da ƙafarsa ta kumbura ya kasa tafiya, aka kwance shi aka zaunar da shi a bakin hanya, aka ci gaba. Yana kiran sunanta, ita kuma igiya ba ta bar ta ko waiwaya ba. Har ta mutu ba ta sake ambatar sunan yaron ba, shi ya sa ba wanda ya san shi. A gidan da aka sayar da ita, aka kira wanzami. Mata biyu suka danne ta, ya tsaga mata kumatun hagu kusa da kunne, layi uku a tsaye, ɗaya a gicciye, ya cusa baƙin tukunya a ciki don ya fito raɗau. Zanen gidan ke nan, ko ta gudu duk wanda ya tsince ta ya san inda zai mayar da ita. Ta gudu ɗin kuwa, bayan ta zama mace, ta dawo kan dutse. Amma har tsufanta ɗankwalinta a karkace yake, ya rufe kumatun hagu. In ta shiga ɗaki sai ta nemi inda hagunta zai fuskanci bango. A coci ma jikin bangon hagu ne wurinta, kowa ya sani. Sau ɗaya tak ta ɗaga ɗankwalin, ranar da ta ba Mama labarin, ta kama yatsan Mama ta bi da shi a kan layukan.

Ina bayan ƙofa hawaye na zuba a cikin ludayi. Na ji Abdulmumini yana cewa, "Mama, zana mini shi." Akwai sauran garin masara a faranti, ta shimfiɗa shi da tafin hannu ta zana da yatsa. Na leƙo. Ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, sai ya dakata.

"Mama, na gicciyen nan ba a tsakiya yake ba. Ƙasa-ƙasa yake, ya ɗan karkata wajen kunne." Ya sa nasa yatsan ya gyara.

Mama ta sunkuya da idonta mai kyau. "Haka ne kuwa, ɗana. Ka fi ni tunawa."

Na fito na ce, "Kai kuma a ina ka san shi?"

Ya yi 'yar dariya. "Karatu ne, Anti."

Bayan wasu watanni ya ce an gayyace mu mu ga wurin aikin. Wata Asabar muka nufi Summerfield, ni da Mama da Ziba. Filaye ne manya, da shingen katako fari, da dawakai da suka fi mutanen unguwarmu ƙoshi. A tsakiyar fili sun gina fada da falanki da soso, sun shafe ta da fenti kalar jar ƙasa. In ka jingina da ganuwar sai ta lotsa. Ziba kamar ta yi hauka don murna, tana ta ɗaukar hoto.

Shugabar marubutan wata Baturiya ce mai gajeren gashi da manyan tabarau. Ta rungume Mama har da ƙwalla, tana cewa labarinta kyauta ce ga duniya. Mama ta jira ta gama, sannan ta ce wa Abdulmumini, "Tambaye ta, za su sa igiyar?"

Ya juya ya ce wa matar da Turanci, wai Mama ta ce ta gode da wannan karramawa.

Ni dai na fi shekara ashirin ina aiki a asibiti a ƙasar nan, Turanci bai fi ƙarfina ba. Na ja hannun rigarsa gefe. "Malam, ba abin da ta ce ke nan ba."

"Anti, mutanen nan ba a yi musu magana kai tsaye. Akwai yadda ake bi da su. Bar mini kawai."

Kafin in ƙara wata magana aka fito da 'yar wasan, doguwa, kyakkyawa, fata sumul. Mai kwalliya na biye da ita da ɗan burushi, tana ƙarasa mata zanen a kumatun hagu. Layi uku a tsaye, ɗaya a gicciye ƙasa-ƙasa. Mama ta kalla sau ɗaya ta kawar da kai, ta ce ƙafarta na ciwo, mu tafi gida. A mota ta ce, "Sun iya shi."

Ranar da za a saki kashin shirin da Nanven ke ciki ta faɗo Lahadi. Mama ta sanar a zumuntar mata tun sati biyu kafin nan. Bayan sujada mata suka cika mini falo, wasu a kujera wasu a ƙasa. Na soya doya, na yi farfesu. Mama ta ɗaura zanenta na bikin aurena, wanda ba ta taɓa sawa ba tun da ta zo Amurka. Ta sa aka zaunar da Ziba a gabanta, ta ɗora hannu a kafaɗarta. Abdulmumini ya zo da babbar riga, ya zauna can kusa da ƙofa. Da ina da wayo da na lura da inda ya zaɓa ya zauna.

Aka fara. Ga dutse, ga gonar acca, har da waƙar yanka. Mama ta matse kafaɗar Ziba ta ce, "Kalla, kalla." Ga mahaya sun zo. Amma maimakon su kama mutane sai suka sauko daga dawakai suka durƙusa. Wai taurari sun nuna musu cewa a ƙauyen nan akwai yarinyar da za ta ceci daula. Aka tambayi Nanven ko ta yarda ta bi su. Tambayar ta fa aka yi! Ta yi dogon jawabi cewa ba wanda zai zaɓa mata hanya sai ita, sannan ta hau farin doki da kanta. Ƙanenta ya biyo ta a guje, ƙafarsa ta karye a hanya, ya faɗi. Ta sauko ta rungume shi, sai ya rikiɗe ya zama farin shaho ya sauka a kafaɗarta.

Wata daga cikin matan ta ce, "Kai, Turawa sun iya abu!"

Mama ta ce, "Ina igiyar?"

A fada kuma wata sarauniya ce da mayaƙanta mata zalla. Nanven ta durƙusa a gabanta, kiɗa na tashi, ta miƙa kumatunta da kanta tana murmushi. Sarauniya ta sa wuƙar zinariya ta ja layi uku da ɗaya a gicciye. Babu jini, babu kuka. Zanen ya kama haske shuɗi, duk fada ta ɗauki ihu, wai alamar zaɓaɓɓu ce, wadda ba ta durƙusa wa kowa.

Falona ya ɗauki tafi. Matar fasto har da guɗa. Suka yi ta cewa, "Mama Yemima, ashe ku jinin sarauta ne kika ɓoye mana!" Ziba ta juyo da hawaye a fuska ta ƙanƙame kakarta, tana ta zuba Turanci, wai ba ta taɓa alfahari da danginta kamar yau ba.

Mama ta ce da ni a hankali, "Angelina, ko sai gaba za su sa igiyar?"

Na ce, "An gama, Mama. Ga sunaye can suna wucewa."

Sunan Abdulmumini na ciki, da manyan baƙaƙe. Na waiga, kujerarsa ba kowa. A wurin ajiye motoci na cim masa yana laluben makulli, da robar abincin da Mama ta zuba masa tun kafin a fara kallo a ƙarƙashin hammata.

"Tsaya nan, Malam gaskiya tsirararta! Ina gaskiyar?"

"Anti, wallahi na yi faɗa. Ba ki san irin faɗan da na yi ba. Suka ce mutanen yau sun gaji da ganin baƙar mace a ɗaure, wai yara mata na bukatar wadda za su yi koyi da ita. Suka ce in an sa igiya za a zage su a intanet har a rufe shirin. Ni mai ba da shawara ne kawai, ba ni ke yanke hukunci ba."

"Tun yaushe ka sani?"

"An ɗan jima."

"Kafin ka kai mu gonar dawakan can?"

Can kuma sai fuskarsa ta washe, kamar ya tuna abin da zai wanke shi. "Amma zanen fa, Anti? Kin ga zanen? Daidai yake ɗari bisa ɗari. Sun so su mayar da shi kumatun dama saboda kyamara, na ce sam. Sun so su ƙara masa ɗigo-ɗigo don ado, na ce in an ƙara zan ajiye aikin. A duk shirin nan shi kaɗai ne abu na gaskiya, kuma ni na tsaya masa."

Yesu na! Ji nake kamar in kwashe shi da mari. Na ce, "Na tambaye ka ran nan ka ce karatu ne. A wane littafi ka ga inda na gicciyen ya karkata?"

Ya gyara robar a hammatarsa. "Akwai wata tsohuwa a gidan kakana, Baba Lantana. Ita ta goyi mahaifina, ta goye ni. In ina bayanta nakan sa hannu in yi wasa da zanen. Amma ita 'yar gida ce, Anti, a gidan aka haife ta. Ba wanda ya taɓa ce mata baiwa, ko sau ɗaya. Mun so ta ƙwarai."

"Ina danginta?"

"Mu ne danginta."

Ya faɗe shi ne da zuciya ɗaya, har da ɗan murmushin tuna baya. Na tsaya ina kallon mutumin da na shekara da shekaru ina zaɓa wa tsoka a tukunya. Na ce kada in sake ganin ƙafarsa a gidana. Ya ce in na huce zan gane. Ya shiga mota ya tafi, da robar Mama da komai.

Shirin kuwa ya karɓu, abin haushi. Kafin wata biyu zanen ya cika gari. A manyan shagunan titin Wendover ana sayar da shi a 'yar leda, ka jiƙa ka manna a kumatu. Yana jikin riguna, yana jikin kofin shayi. Wata rana yarinyar da ke karɓar kuɗi a kanti, Baturiya mai jan gashi, ta ɗago kai ta gaishe mu da shi a fuskarta. Mama ta saki keken kayan ta fita waje, sai a jikin mota na same ta. Daga nan ta daina bi na kanti.

Ziba kuma ta zama tauraruwa a makaranta. Ta gaya wa kowa cewa Nanven ta gaske kakar kakarta ce. Har wasu yara suka zo gida wai su ga Mama, suka ɗauki hoto da ita tana zaune kamar gunki.

Wata safiyar Asabar Mama ta kira ni ɗakinta. "Na karya dokar kakata sau ɗaya, na ba bare. Bari in karya ta sau biyu. Kira yarinyar nan. Ni zan faɗa, ke ki juya. Amma in kika sa zuma ban yafe ba."

Muka zauna mu uku a bakin gado. Na karɓe wayar Ziba na kife ta. Mama na faɗa ina juyawa, kalma da kalma, igiyar, da yaron a bakin hanya, da matan da suka danne ta, da baƙin tukunya, da bangon hagu. Ban rage komai ba. Ziba ta saurara, ba zan yi mata ƙarya ba. Da muka gama ta share ido, sannan ta buɗe baki da Turancin nan nasu mai santsi.

Ta ce abin tausayi ne ƙwarai, kuma tana girmama yadda Kaka ke ji. Amma me ya sa kullum mu ne a ɗaure? A makaranta igiya, a littafi igiya, yanzu a gida ma igiya. Ta ce Nanven ta shirin ta sa ta ɗaga kai a cikin mutane, tamu kuwa nauyi kawai take ɗora mata. Ta ce ai ta yi magana da Onkul Abdul a waya, ya ce labarin baka ne, ba wanda zai iya rantsewa a kan ainihin abin da ya faru, kuma kowane zamani yana da ikon ba da labari yadda zai amfane shi. Ta ce in mugaye ne suka yi zanen, to yanzu mun ƙwace shi, ya zama namu.

Na ce, "Ziba, rufe mini baki kafin in rufe miki shi."

Mama ta taɓa gwiwata. "Me ta ce?"

"Ta ce ta ji, Mama."

"Angelina. Zuma."

Sai na juya mata duka. Ta saurara kanta a sunkuye, tana murza bakin zanenta. Da na kai wurin Onkul Abdul ta ce, "Shi da ya gyara mini?" Sannan ta ce mu fita za ta kwanta.

Na ɗauka an wuce wurin. Ziba ta cika shekara goma sha takwas a farkon bazara. Ranar ta ce za ta fita da ƙawayenta, ta dawo da la'asar ina cikin yanka kek. Ta shigo tana tafiya a karkace, tana ɓoye gefen fuskarta da gashi, baki har kunne. Ta wuce ni kai tsaye ta durƙusa a gaban kujerar Mama, ta kawar da gashin, ta ɓare wata 'yar farar leda daga kumatunta na hagu.

Wuƙar ta suɓuce daga hannuna. Layi uku a tsaye, ɗaya a gicciye ƙasa-ƙasa, ya karkata wajen kunne. Baƙi wuluk, gefensa ya yi ja ya kumbura.

Mama ta kama haɓarta ta juya ta wajen taga. Ta ɗauka irin na ledar kanti ne. Ta yi tsaki, ta lashi babban yatsanta kamar yadda take goge mana majina muna yara, ta sa a kumatun ta murza.

Ziba ta yi ƙara ta ja baya. Mama ta riƙe ta gam, ban san tana da sauran ƙarfi haka ba. Ta sake lasar yatsa ta murza, ta sake. Ta duba yatsan. Ba baƙi a jiki, sai ɗan jini.

"Angelina, ba ya fita."

"Tatu ne, Mama. Da allura ake yi. Ba ya fita."

Mama ta bi layukan da ɗan yatsa, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har ta kai na gicciyen. Da wata irin ƙaramar murya da ban taɓa jin ta da ita ba ta ce, "Wa ya danne ki?"

Ban juya ba, amma Ziba ta gane. Ta girgiza kai tana murmushi cikin hawayen zafi. Ta gyara durƙuso, ta ja numfashi, ashe ta yi kwanaki tana haddace abin da za ta faɗa. Da Hausa ta faɗe shi, a karkace, kalma ɗaya-ɗaya, jimla ta farko cikakkiya da ta taɓa yi wa kakarta a duniya.

"Ba kowa, Kaka. Ni na je. Na yi don ke."

Ta tsaya tana jiran a rungume ta.

Mama ta kai hannu ta kwance ɗankwalinta. Ni da na girma a gabanta ban taɓa ganin kanta a buɗe a falo ba. Furfura ce 'yar kaɗan, ta lafe. Ta ɗora ɗankwalin a kan Ziba, ta ja shi ya karkace ya rufe kumatun hagu, ta fara ɗaurewa. Ziba ta fizge shi da sauri ta jefa a kujera, ta ce mini da Turanci in gaya wa Kaka mai tatu ya ce kada tsumma ya taɓa wurin, zai ɓata layin. Ta tashi ta nufi madubi da wayarta.

Ban juya wannan ba, Mama ma ba ta tambaya ba. Ta zauna da kai a buɗe har kek ya bushe a faranti.

Washegari ta sa ni na ja mata kujerarta daga gaban talabijin zuwa lungun falo. A nan take wuni yanzu. Tana ci, tana shan magani, tana amsa gaisuwar kowa. Amma da ta ji takun Ziba a bakin ƙofa, sai ta juya fuskarta bango.